Waiwaye: An Raɗa wa Tsohon Gida Sabon Suna

A shekarar 2024 aka yi wa wani tsoho bikin suna a Yamai. Shekarunsa sittin da ɗaya a lokacin, kuma karo na uku ke nan da ake raɗa masa suna. Da aka haife shi a 1963, Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar aka ce da shi, mutanen gari suka taƙaice suna cewa CCFN. Bayan rasuwar Jean Rouch a 2004 aka liƙa masa sunan wannan Bafaranshe mai ɗaukar fim. Yanzu kuwa an sauke wancan, an ɗora na Mustafa Alasan. Ranar 15 ga Oktoba na shekarar kuma babban titin da ake kira Charles de Gaulle ya koma titin Jibo Bakari, aka rufe hoton fuskar Monteil, sojan Faransa na zamanin mulkin mallaka, da ta Thomas Sankara. Hankalin jama'a duk ya tafi kan titin, ba mamaki, tunda kowa na bi ta kansa. Ni kam gidan nan ne ya tsaya mini a rai, domin a cikinsa na fara ganin an kashe fitilu an kunna wa mutum ɗaya tak, ɗaruruwan mutane sun yi tsit suna sauraron abin da zai ce.

Kawuna ne ya fara kai ni, ina ɗan lakwal. Mushe ne a wata makarantar firamare, irin malaman da ba sa rabuwa da alkalami a aljihun gaba. Muka sauka daga taksi a Habu Ganda, ƙaramar kasuwa, muka gangara ta wajen Gidan Tarihi, inda ake jin gurnanin zaki idan la'asar ta yi sanyi. Gidan na nan daura da shi. Da muka iso ƙofa sai na toge.

"Kawu, nan ba gidan Nasara ba ne?"

"Na Nasara ne, na ubanka ne kuma. Karanta allon da kyau, sunan ƙasa nawa ka gani? Wuce mu tafi."

Ya biya kuɗi aka yi mini katin aron littafi, da ɗan hotona a manne. Matar da ke kan teburin ta buga hatimin kwanan wata a cikin bangon littafin, ta ɗaga kai ta dube ni ta saman tabarau, ta nuna mini ranar da yatsa. Ba ta ce komai ba. Har yau idan na ari abu a hannun mutum, yatsan nan nake gani. Da magariba ta wuce muka shiga filin wasan da ke buɗe, mai kujeru hawa-hawa, jemagu na ta ratsawa ta samanmu zuwa bakin kogi. Rabin Faransancin da aka yi a daren nan bai shiga kaina ba. Abin da ya shiga shi ne an ce ƙarfe kaza za a fara, kuma ƙarfe kazan aka fara.

Faransa ba don Allah ta gina gidan ba, kuma ba ta taɓa cewa don Allah ne ba. Shekara uku da samun ƴancin kai, tana neman hanyar da harshenta zai zauna daram bayan tutarta ta sauka. A can Faransa ma lokacin ne André Malraux, ministan al'adu na de Gaulle tun 1959, yake buɗe gidajen al'adu a biranen da ke nesa da Paris, na farko a Le Havre a 1961. Shugaba Jori Hamani kuwa yana cikin na gaba-gaba wajen son haɗa kan ƙasashe masu magana da Faransanci, shi ya sa a nan Yamai aka aza tubalin ƙungiyarsu ranar 20 ga Maris 1970. Don haka buƙata ce ta haɗu da buƙata. Aka tsara gidan a matsayin na ƙasashe biyu, da hukumar gudanarwa ta haɗin gwiwa. Sai dai darakta daga Faransa yake zuwa, kaso mafi tsoka na kuɗin ma daga can. Kowa ya san wanda ya sayi goro shi ke raba shi.

Akwai wata ɗabi'a da Faransawa suka zo da ita cikin kayansu, wadda ta fi ginin kansa tsufa. A ƙasarsu birnin da ya amsa sunansa yana da gidan wasansa, kamar yadda yake da kasuwa da maƙabarta, kuma majalisar birni ce ke ɗaukar nauyinsa. Na Bordeaux, wanda Victor Louis ya zana, a 1780 aka buɗe shi, zamanin sarki Louis na 16. Aka sare kan sarkin, Napoleon ya zo ya wuce, sarauta ta dawo ta sake faɗuwa, a 1871 har majalisar dokokin ƙasa ta yi zamanta a ciki bayan Jamusawa sun ci su da yaƙi. Jamhuriya biyar aka yi. A duk wannan hargitsi an samu masu gyara rufi da masu biyan mai gadi, ga shi har gobe ana wasa a ciki. Ban kawo wannan don in yabi Faransa ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya riƙe shi a gefe, za mu dawo kansa.

Kada wani ya ɗauka a 1963 muka fara sanin wasan kwaikwayo. A ƙasar Damagaram samari na yin wasan kara bayan kaka, wannan ya zama sarki, wancan ya zama kwamanda, a ƙera tabarau da bindiga da mota da karan dawa, a kwaikwayi manya a gaban idonsu su yi dariya. Ga tashe cikin azumi, ga ƴan kama da ke juya wa'azi ya koma zancen tuwo, ga tatsuniyar kaka a tsakar gida. Ta ɓangaren boko kuma, ɗaliban da aka tura makarantar William Ponty a Senegal, wadda Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari duk suka yi, sun tarar ana shirya wasanni a can tun shekarun 1930, suka dawo da abin gida. A shekarun 1950 Mahaman Dandobi ya rubuta wasa a kan labarin Kabrin Kabra, ƙungiyar ma'aikata ta Amicale ta nuna a Yamai. Gwaninta dai muna da ita. Abin da sabon gidan ya ƙara shi ne wuri tsayayye mai ƙofa da makulli, da fitilu, da na'urar sauti, da ma'aikacin da albashinsa ke fita don ya kula da su, da takardar shirye-shirye da ke gaya maka tun farkon wata abin da za a yi ran ashirin da uku.

Abin mamaki, ɗan fari da gidan ya haifa fim ne. A cikinsa aka kafa wani kulob na masu sha'awar sinima, inda ƙwararru ke koya wa matasa riƙon kyamara da ɗaukar sauti. Cikin masu zuwa akwai wani tsohon soja, haifaffen Yamai a 1935, wanda ya yi wa Faransa yaƙi a Indocin yana saurayi, ya dawo bai samu aiki ba, ya tafi Abijan yana dakon kaya a tashar jiragen ruwa. A can Rouch ya tsince shi, ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Umaru Ganda ke nan. Fim ɗin ya yi suna a Turai, amma Ganda bai gamsu da yadda aka ba da labarinsa ba. Da kulob ɗin ya sa gasar rubuta labarin fim a 1968, sai ya zauna ya rubuta nasa da hannunsa: sojan da ya dawo da ƴan kuɗinsa, abokai da mata da maroƙa suka cinye, aka watse aka bar shi. Shi ne Cabascabo, da Zabarmanci, shi da kansa ya fito a ciki, aka nuna shi a Cannes a 1969. Bayan shekara uku, a 1972, da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta dokin Yennenga, Ganda ne ya fara ɗaukarta, da Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya ƙwace budurwar wani yaro ya yi ta uku da ita. Ƙasar da ba ta da ko ɗakin wanke fim ita ta riga kowa.

Mustafa Alasan kuwa, wanda sunansa ke kan allo yanzu, wani irin mutum ne da Allah bai cika yin irinsa ba. An haife shi a Ndunga a 1942, makanike ne tun asali, kuma tun kafin ya taɓa kyamara yana tara yara yana yi musu wasan inuwa da fitila. Ya yi aiki a cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, nan ya haɗu da Rouch, daga baya ya je Kanada ya ga yadda Norman McLaren ke sa zane ya yi motsi. Fim ɗinsa na 1962 sunansa Aure. A 1966 ya fitar da biyu da har yau ba su tsufa ba. Ɗaya labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu, har da Zalika Sule a cikinsu. Ɗayan kuma, Bon voyage Sim, zane ne na ƴan mintuna: shugaban jamhuriyar kwaɗi zai tafi ziyarar aiki, ga faretin kwaɗi, ga ƴan badujala, ga jawabi, ga rakiya zuwa filin jirgi. Wanda duk ya taɓa tsayuwa cikin rana a bakin titi yana jiran wucewar babban baƙo ya san waɗannan kwaɗin. Ƙarshen rayuwarsa a Tawa ya yi shi, yana ta ƙere-ƙerensa, ya rasu a Wagadugu a watan Maris 2015. Da yana raye ranar da aka yi bikin sa sunansa, ina jin da ya samu abin zanawa.

Shi Rouch fa? Ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanyoyi, ƙasar ta kama shi, ya yi shekara sittin yana zuwa yana komawa. Sembène Ousmane na Senegal ya taɓa gaya masa ido da ido cewa irinsu suna kallon Afirka kamar masu nazarin ƙwari, kuma wanda ya kalli fim ɗinsa a kan ƴan Hauka na Ankara zai gane inda maganar ta fito. Amma mutumin nan shi ne abokin Damure Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallu Muzuran har tsufa, tare suka yi Cocorico Monsieur Poulet suna tura akwalar motarsu cikin daji. A hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni ya mutu, ranar 18 ga Fabrairu 2004, kuma a Yamai kabarinsa yake. Ban yi kukan cire sunansa ba, ban kuma yi guɗa ba. Malami ne aka sauke aka ɗora wanda ya taimaka wa ya tashi, kuma da wuya shi kansa ya ga aibin haka.

Sai dai in ana sallah ba a magana, in an idar a faɗi gaskiya. Yawancin mutanen Yamai ba su taɓa taka ƙofar gidan nan ba. Gwaggona ta yi shekara talatin a unguwar Bukoki, ta san wurin sarai, amma a wajenta alama ce ta inda za a ce wa mai taksi ya tsaya. Teyatur ɗin da ta sani yana cikin rediyo da Tele Sahel, da Hausa ko Zabarmanci. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilu 1974 ya farfaɗo da ƙungiyoyin matasa na samariya, daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa da ke zagaya manyan garuruwa, kowace jiha ta zo da wasanta da waƙarta da rawarta a yi gasa. Cikin wannan zamani sunan Yazi Dogo ya shiga kowane gida, malamin makaranta da in ya buɗe baki tsoho da yaro sai sun riƙe ciki. Gwamnati ta gina nata babban dandali a Yamai mai ɗaukar dubban mutane, wanda aka sa wa sunan Umaru Ganda bayan rasuwarsa ranar 1 ga Janairu 1981. Wasannin samariya na da nasu linzamin, ba mai musu. An yarda ka caccaki ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, da boka, da ƙaramin ma'aikaci mai cin hanci, amma akwai bishiyar da ba a hawa. Duk da haka a wancan lokacin ƙasa ta sa kuɗinta, kuɗin yuraniyom, a kan wasan da talaka ke fahimta, talaka kuma ya cika wuri har kan katanga.

Daga nan rana ta juya. Farashin yuraniyom ya faɗi, Kunce ya rasu a 1987, samariya ta bi shi sannu a hankali. A 1991 aka yi babban taron ƙasa, wanda, abin sha'awa, marubucin wasan kwaikwayo ne ya shugabance shi, André Salifu, mai wasan Tanimoune a kan Sarkin Damagaram Tanimu. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ma'aikata na bin bashin albashin watanni, wa zai yi zancen fitilar dandali? Gidajen sinima irin su Vox da Jangorzo suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kaset ɗin Indiya da na Kano suka koma cikin rumfunan unguwa. A tsawon waɗannan shekaru, gidan da ke daura da Gidan Tarihi shi ne wanda fitilarsa ba ta mutu ba. Masu wasa suka koma can, mawaƙa suka koma can, samarin rap irin su Kaidan Gaskiya da suka taso a ƙarshen shekarun 1990 suka samu dandali a can. Alfred Dogbé, wanda ya kafa ƙungiyar Arène Théâtre da bikin Émergences kafin rasuwarsa a 2012, yana cikin waɗanda suka yi ta faman ganin wasan kwaikwayo ya zama sana'ar da mutum zai ci abinci da ita.

A nan ne zanen aro ya nuna halinsa na rashin rufe katara. Idan rijiya ɗaya ce a gari, mai guga ba ya faɗa da mai rijiya. Na ga abokaina masu basira sun koyi rubuta dosiye fiye da rubuta wasa. Sun san kalmomin da ke buɗe aljihun masu ba da tallafi, sun san jigon da ake yayi a bana, sun san wasan mutum biyu ko uku ya fi saurin samun tikitin jirgi zuwa bukukuwan Faransa a kan wasan mutum ashirin irin na samariya. Ba wanda ya tilasta musu. Yunwa ce ta gyara musu alƙalami, har aka wayi gari ana shirya wasa a Yamai da tunanin yadda zai yi a idon mutumin Limoges. Laifin wa? Na fi ɗora shi a kan gwamnatocinmu da suka ga wani na ciyar da ɗansu suka ce alhamdu lillahi, suka juya baya.

Wani dare, a wani zauren gwamnati da ba zan faɗi sunansa ba, muna shirin wasa sai babbar fitilar dandali ta yi ƙara ta mutu. Dattijon da ke kula da wutar wurin ya hau tsani ya kwance ta, ya sauko yana juya ƙwan a tafin hannunsa kamar mai duba ƙwan zabo. Cikinsa ya yi baƙi.

"Baba, babu wani a ajiye?"

"Ɗana, wannan ma aro na yi. Na rubuta takarda tun bara, an ce tana kan teburin mai sa hannu."

Ya naɗe mataccen ƙwan a cikin hankici ya sa a aljihu, wai sai ya nuna shi kafin a yarda ya mutu. Muka jawo motoci biyu zuwa bakin ƙofa, aka kunna fitilunsu, aka yi wasa a haka. Jama'a sun yi tafi, har wani ya ce salon ya burge shi. A ginin nan an sha yin fenti saboda zuwan manya, an sha canza allon ƙofa.

Reshen cibiyar da ke Damagaram kuwa wuta ce ta ci shi, ranar 16 ga Janairu 2015, a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ɓacin ran na gaskiya ne, ni ma na ji shi. Amma masu zanen suna Paris, wutar Damagaram ba ta taɓa su ba, littattafan da suka ƙone kuwa ƴaƴan unguwannin Birni da Zango ne ke karanta su.

Sauran labarin sabo ne, kowa ya san shi. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ficewar jakadan Faransa a watan Satumba, ficewar sojojinta a Disamba, rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024. Haɗin gwiwar da ta riƙe gidan shekara sittin ta warware, gida ya dawo hannunmu ɗungurungum. A watan Maris 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar nan da aka haifa a Yamai, kuma sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ga mai rubutu da Hausa irina, ƙarya ne in ce ban ji daɗi ba. Ina so in ga ranar da gwaggona, ko ƴarta tunda ita ƙafa ta ƙi, za ta zauna a kujerun nan ta kalli wasa da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek, ba tare da ta ji kamar ta shiga gidan mutane ba sallama.

Amma a tuna da Bordeaux da na ce a riƙe. Abin da ya raya wancan gida shekara ɗari biyu da arba'in, layi ne a cikin kasafin kuɗi wanda kowace gwamnati ta tarar ta kuma bari. Tambayoyin da nake so ƴan jarida su riƙa yi wa ma'aikatar al'adu da hukumar birnin Yamai ƙanana ne, ba sa cika shafin farko. Nawa aka ware wa gidan a bana, nawa kuma ya fita? Littafi nawa aka saya sabo, da wane harshe? Wa ke biyan kuɗin kuran? Tsofaffin ma'aikatan da suka san kowace waya a bangon nan, an riƙe su, an haɗa su da yaran da za su gaje su? Ƴan kasuwarmu da ke iya cika filin wasa da kyautar babura ranar kokawa, an taɓa zama da su a kan ɗaukar nauyin wasa ɗaya a wata? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, yanzu kuwa ba wani mai ɗaki sai mu.

Kwanakin baya na bi ta wurin da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma sha biyu. Ya karanta allon ya ce, "Kawu, wane ne Mustafa Alasan? Soja ne?" Muka samu inuwa muka zauna, na lalubo masa fim ɗin kwaɗin nan a wayata. Gilashin wayar a tsage yake, ga hasken rana, sai da ya kare da tafin hannu. Da kwaɗin suka fara fareti ya yi dariya har mai sayar da ruwa ya leƙo. Ya ce in mayar masa daga farko. Muka kalla sau uku, cajin ya ƙare, muka tashi neman taksi.